Kafin ka tura saƙon tallafin taki

Aikina shi ne nazarin yadda mutane ke karɓar saƙo a waya su tura shi gaba. Yawancin zirga-zirgata a ƙauyukan Bichi, Ɗambatta da Dawakin Tofa take, inda gona ke manne da gona, kuma labarin da ya shiga waya ɗaya da hantsi kan kai majalisa kafin la'asar.

Ga yadda muke gwaji. Mukan nemi izinin mutane, mu raba su zaure biyu a WhatsApp, mu saka musu saƙon murya iri ɗaya, misali na rabon taki kyauta. A zaure na farko saƙon kaɗai ne. A na biyu mukan jera "Allah ya saka da alheri" da "ni ma na cike" a ƙarƙashinsa. Sai mu tambayi kowa ko zai tura. Daga baya mu bayyana musu cewa shiri ne.

Abin da nake gani a kai a kai: mutanen zaure na biyu sun fi saurin cewa za su tura, har da waɗanda a kasuwa ba sa sayen buhu sai sun zura hannu sun ga ƙwayar. Wani dattijo ya kara wayar a kunne, bai ma bari muryar ta ƙare ba ya ce ai jama'a ba za su taru a kan ƙarya ba. To a intanet sukan taru, wani lokacin ma mutum ɗaya ne da layuka goma.

Ba halin ƙauye ba ne. A 2018 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi diddigin labarai kusan 126,000 a Twitter, suka gano na ƙarya sun fi na gaskiya saurin bazuwa. Mu ma mun ɗanɗana a Agustan 2014, da aka kwana ana buga waya a ce a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi saboda Ebola, har aka yi asarar rai.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa ƙarami ne. Idan muka fara tambayar mutum, "Kana ganin gaskiya ne?", sai ka ga ya dakata, yatsan ya tsaya a kan gilashin.

Don haka, 'yan uwa, damina na ƙaratowa masu saƙon tallafi za su fito. Wanda ya ce ka turo lambar BVN ko lambar sirrin da banki ya aiko maka, kada ka ba shi. Ka tambayi malamin gona ko mai unguwa tukuna, kuma don Allah kada ka tura wa kowa kafin ka ji amsarsu.