Yadda masana ke gano inda ake fara haɗa furotin a cikin yis

Yis ɗin da ake zubawa a ƙullin fanke da burodi halitta ce mai rai. Tun 1996 aka gama karanta DNA ɗinsa kaf: haruffa kusan miliyan 12, ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 6,000. Sai dai samun rubutu daban, sanin inda ake fara karanta shi daban.

A cikin yis akwai wata 'yar na'ura mai suna ribosom. Ita ke bin kwafin saƙon gado, wato mRNA, tana karanta haruffa uku-uku tana haɗa furotin. Sanannen wurin farawarta shi ne haruffan AUG, don haka manhajojin da suka tsara taswirar yis su suka riƙa nema. Hasashe ne, ba gani da ido ba.

A 2009 Nicholas Ingolia da Jonathan Weissman, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, suka fito da dabarar gani. Duk inda ribosom ta zauna tana rufe haruffa kusan 30. Sai a zuba sinadarin da ke cinye duk abin da ba a rufe ba, a karanta guntayen da suka tsira, kwamfuta ta mayar da kowane guntu gurbinsa a taswira. Matsalar ita ce wannan na nuna ribosom a ko'ina, da mai farawa da wadda ta yi nisa. Maganin lactimidomycin ne ya raba gardama: yana daskarar da wadda ke bakin farawa, masu tafiya kuwa su wuce abinsu.

Da wannan maganin ɗakin binciken Gloria Brar a Berkeley ya ba da rahoto a 2020 cewa ƙwayoyin gado 149 na yis suna da wurin farawa na biyu, tun kafin a kai ga AUG ɗin da aka sani, a kan haruffan da suka bambanta da shi da harafi ɗaya. Furotin ɗin sai ya fito da ƙarin tsawo.

Ƙarin ba na banza ba ne, wani lokaci adireshi ne. Ƙwayar gadon GRS1 misali ce da aka sani tun kafin nan: in an fara daga AUG furotin ya tsaya a ruwan cikin yis, in an fara daga UUG a kai shi mitokondiriya, tashar makamashinsa. Manhajar da AUG kaɗai ta sani ba za ta ga nau'i na biyun ba.