DARASIN WANNAN WATA: YADDA AKE BARIN LAUNI ƊAYA A CIKIN HOTO

Wani lokaci mutum yakan ga hoto a waya, kome na cikinsa baƙi da fari, amma abu ɗaya yana nan da launinsa. Misali, hoton mai sayar da tumatir. Shi da rumfarsa babu launi, amma tumatirin ja wur. Ido ba ya zuwa ko'ina sai kan tumatirin. Wannan ba sihiri ba ne. Dabara ce, kuma duk mai babbar waya yana iya koyonta.

ASALIN DABARAR

A ƙarni na 19, kafin hoto mai launi ya yaɗu, masu hoto a Turai da Japan sukan shafa launi da burushi a kan hoton baƙi da fari. A shekarar 1993 wani Ba'amurke, Steven Spielberg, ya fitar da fim mai suna Schindler's List, a kan kisan da aka yi wa Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Kusan duk fim ɗin baƙi da fari ne, amma ya bar wa wata ƙaramar yarinya jar rigarta. Mai kallo yakan yi ta bin ta da ido cikin taro. Amfanin dabarar ke nan: nuna wa ido inda zai duba.

YADDA LAUNI YAKE A WAYA

Hoton da ke fuskar waya ɗigo-ɗigo ne ƙanana ƙwarai. Kowane ɗigo haɗin haske 3 ne: ja da kore da shuɗi. In ja ya rinjaya, ɗigon ya yi ja. In ja da kore suka haɗu, ya yi rawaya. In ukun suka zo daidai wa daida, launi ya ɓace, sai fari ko toka-toka ko baƙi. Saboda haka aikin shi ne a kashe launin sauran ɗigon, a bar na abin da ake so.

YADDA AKE YI

Ana bukatar manhajar gyaran hoto, wato kayan aikin da ake sakawa a cikin waya. Akwai Snapseed ta kamfanin Google, kyauta ce. Akwai wasu kuma. Maɓallansu sun bambanta, amma aikin iri ɗaya ne.

1. A zaɓi hoton da abu ɗaya ya fita daban, kamar jar hula ko koren ganye.
2. A ajiye hoton na asali. Kada a goge shi.
3. A mayar da dukan hoton baƙi da fari.
4. A taɓa alamar burushi. A shafa yatsa a kan abin da ake so, har launinsa ya dawo.
5. In an zo gefe-gefe, a buɗa hoton da yatsu biyu ya yi girma, a bi a hankali. Nan ne mai gaggawa yake ɓata aiki, launi ya malala kan abin da ke kusa.
6. A adana shi a matsayin sabon hoto.

Wasu manhajojin suna da hanya ta biyu. Mutum ya taɓa launi ɗaya, sai ta bar shi duk inda yake a hoton. Ta fi sauri, amma sai da lura. In an zaɓi ja domin hula, jan bokitin da ke baya ma zai fito. Har fuskar mutum tana iya yin dabbare-dabbare, domin akwai ja a launin fata. Sai a goge wuraren da burushi.

INDA BAI KAMATA BA

Na farko, hoton da za a tura wa malamin gona. Launin ganye shi ne shaidar abin da ke damun shuka. Masarar da ganyenta na ƙasa ya fara rawaya, sau da yawa yunwar sinadarin naitorojin ce, wanda ake samu a takin yuriya. In ganyen ya koma shunayya, ana zaton ƙarancin fosfaras. In an taɓa launin, malamin yana iya faɗin maganin da ba shi ba, manomi ya yi hasarar kuɗi da amfani. Haka ma hoton ƙurji ko ciwon ido da za a nuna wa ma'aikacin asibiti.

Na biyu, hoton katin shaida ko fasfo. Hukuma tana son kamannin mutum na gaskiya.

Na uku, hoton kayan sayarwa. Barin launin atamfa domin ta fito ba laifi ba ne. Amma ƙara mata launin da ba ta da shi algus ne. Ran da mai saye ya ga kayan da idonsa, ba zai sake dawowa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne haske 3 ne suke haɗa launi a waya?
2. Don me ake ajiye hoton asali?
3. Wane irin hoto ya kamata a tura wa malamin gona?