Irin kabewa da aikin zuma

Sau da yawa mace takan sayi kabewa mai zaƙi a kasuwa, ta ajiye irinta, ta shibka da damana. In kaka ta yi, sai ta ga ɗiyan sun fito daban, wasu dogaye, wasu ruwa-ruwa, ba su ko daɗin miyar taushe. Sai ta ce an cuce ta. Ba wanda ya cuce ta, aikin zuma ne.

Ku duba yaɗon kabewa da safe. Fure biyu gare shi, namiji da tamace. Na tamace shina da ɗan ƙulli a gindi, kamar ƙaramar kabewa. Namiji ba shi da ƙulli, sai gari rawaya a ciki. Zuma ke kwasar garin nan ta kai ma tamace, sannan ɗa ya kama. To, zuma ba ta san iyakar gona ba. Takan yi tafiyar da ta fi kilomita 1, ta ɗauko garin kabewar maƙwabci ta kawo ma taka.

Ga abin da ke ruɗin mutane: kabewar bana ba ta sake kama ko ɗanɗano. Gaurayar tana ɓoye cikin iri, sai baɗi take bayyana. Amma kar ku ɗora ma duma ko kankana laifi, ba su haɗuwa da kabewa.

In kana son iri tsantsa, yi aikin zuma da hannunka. Da marece, nemi furen tamace da na namiji waɗanda suka soma yin rawaya, ba su buɗe ba tukuna. Ɗaure bakinsu da zare. Da sassafe, kamin zuma ta fito, tsinko namijin, cire ganyen furen, ka shafa garin a tsakiyar tamace. Sake ɗaure ta. Ɗaura tsumma a wuyan ɗan, don kar yara su kai shi kasuwa.

Bar kabewar ta nuna sarai, har farce ya kasa huda ɓawonta. Bayan an cire ta, ajiye ta kamar sati 3 kamin a fasa. Wanke irin, shanya shi a inuwa. In ya bushe ƙayau, zuba shi a kwalba da ɗan toka, ka rufe.

Kabewar da ta fito da ɗaci kuwa, kar a ci, kar a ajiye irinta. Tana sa amai da zawo, kuma dahuwa ba ta kashe ɗacin.