SHA-RAƁA

A bayan ƙwaurin mutum, tsakanin gwiwa da diddige, akwai wani dunƙulen nama mai tauri. Shi ake kira sha-raɓa, waɗansu kuma su ce dambubu. Sunan kuwa ya dace, gama wanda ya ratsa ciyawa da sassafe, nan ne raɓa kan jiƙa shi.

A ido kamar tsoka guda ce, amma manyan tsokoki biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. Ta waje ita ce mai tudun nan da ake gani. Tana da kai biyu, sun kama ƙashin cinya daga ƙasa, dab da gwiwa. Ta ciki shimfiɗaɗɗiya ce, mai faɗi, ta kama ƙasusuwan ƙwauri biyu, ba ta haye gwiwa ba. Can ƙasa sai su haɗu, su tsuke, su zama jijiya guda wadda ta kama ƙashin diddige. Ita ce agara. Tsawonta ga babban mutum ya kai kamar santimita 15, watau inci 6, kuma duk jikin ɗan Adam babu jijiyar da ta kai ta ƙarfi. Ta dabbobi ma haka take, shi ya sa mahauta kan rataye cinyar sa ta wurin agara, ba ta tsinkewa.

In tsokokin nan suka ɗaure sai su gajarce, su ja agara, agara ta ja diddige sama. Da haka mutum ke yin ɗage, da haka yake tura jikinsa gaba in yana tafiya, ko gudu, ko tsalle. Yaro mai wasan langa, ai sha-raɓa guda ce ke cilla nauyinsa duka. Ko mutum yana tsaye kurum, ta cikin nan ba ta hutawa, tana riƙe da shi kada ya kife.

Amma akwai wani aiki nata wanda ba a gani, shi ne kuwa mafi ban mamaki. Zuciya takan tura jini zuwa ƙafa, gangara ce, ba wuya. To, komowarsa fa? Hawa ne, tun daga tafin ƙafa har ƙirji. Jijiyoyin da ke mai da jini sun ratsa ta cikin sha-raɓa, a cikinsu kuma akwai waɗansu 'yan ƙofofi da ba su buɗewa sai sama. Duk sa'ad da mutum ya taka, tsoka ta matse jijiyoyin, jini ya hau, ƙofofi su rufe a bayansa, ba damar komawa ƙasa. Saboda haka masana ke ce mata zuciya ta biyu.

In ta daɗe ba ta motsa ba, jini yakan taru a ƙafa. Shi ya sa wanda ya yi doguwar tafiya a zaune cikin mota yakan sauka da ƙafafu a kumbure. Soja kuma da ya daɗe a ƙame wajen fareti, wani lokaci jiri ya kwashe shi ya faɗi, don jinin da ke isa kansa ya ragu. Maganin abin ba wuya: mutum ya riƙa motsa ƙafa, yana ɗaga diddige yana saukewa.

Wani lokaci kuma sha-raɓa takan ɗaure da kanta da dare, ta yi tauri kamar dutse, da zafi ƙwarai. Sai a miƙe ƙafar sosai, a jawo yatsu wajen ƙwauri sannu a hankali, har ta saki.