WANKIN ƘODA TA CIKI: CIMA DA ISAR MAGANI

Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fitar da datti da rarar ruwa ta hanyar fitsari. In ta gaza, sai a yi wa mutum wanki. A Nijeriya wankin jini da na'ura ya fi yawa, amma akwai wata hanya wadda ya kamata hakimai da malamansu su sani, don su iya yi wa talakawa bayani.

1. Yadda ake yi

Likita yakan dasa 'yar roba a cikin majiyyaci. Ta nan ake ɗura ruwan magani mai sukari, kamar lita 2, a bar shi awa 4 zuwa 6, sa'an nan a tsiyaye, a zuba sabo, yawanci sau 4 a yini. Tantanin da ya lulluɓe hanji shi ke yin tatar. Waɗansu masana biyu, Popovich da Moncrief, su suka fito da wannan tsari a Amurka cikin 1976. Mutum yana yi a gidansa.

2. Abin da ke sa rama

Ruwan da aka tsiyaye ba datti kaɗai yake ɗauka ba. Yakan tafi da furotin, watau abin da ke gina jiki, giram 5 zuwa 15 kowace rana. Sukarin kuwa yana shiga jini, ya sa mutum ya ji ƙoshi alhali bai ci ba. Don haka majiyyaci yana iya yin teɓa, naman jikinsa kuwa yana zubewa.

Kowane kilo na nauyinsa yana bukatar furotin giram 1 zuwa 1.2 a rana. Mai kilo 60 ke nan yana bukatar giram 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6. Saboda haka tuwo kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da ƙwai, da kifi, da nama. Gishiri da dunƙule da kanwa kuwa a rage su ƙwarai, gama su ke kawo ƙishirwa da kumburi.

3. Yadda ake sanin wanki ya isa

Likitoci suna da wani lissafi, Kt/V, na yawan dattin da ya fita a mako, an daɗe kuwa ana neman kada ya gaza 1.7. Wani bincike na Kanada da Amurka cikin 1996 ya sa aka zaci ƙarin wanki yana ƙara tsawon rai. Amma a wani bincike na Meziko da aka buga cikin 2002 an gwada mutum 965, aka ƙara wa waɗansu wanki, ba su fi sauran daɗewa ba. Da aka sake duba binciken farko, sai aka ga ɗan ragowar aikin ƙodar mutum shi ne babban abin da ya taimaka.

Don haka shawarar masana ta 2020 ita ce kada a dogara ga lissafi kaɗai. A duba mutumin: yana cin abinci? Ƙafafunsa sun kumbura? Yana da ƙarfin yin sana'arsa?

4. Abin da za a gaya wa iyali

(a) Su kiyaye ragowar fitsarinsa. Kada a ba shi jiƙe-jiƙe, ko maganin ciwon jiki irin su ibuprofen, sai da izinin likita.
(b) A auna nauyinsa kowace safiya, a rubuta.
(c) A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa robar.
(d) In ruwan ya fito da gurɓata, ko ciki ya yi ciwo, a kai shi asibiti ran nan, kada a kwana.
(e) In ya ƙi abinci ko yana tashin zuciya, a gaya wa likita, gama wataƙila wankin ne bai isa ba.

Hakimin da ke da irin wannan majiyyaci a ƙasarsa, lalle ya sa dagaci ya riƙa leƙa shi, ya tabbata ruwan magani bai yanke masa ba.