Wanke Gishiri Daga Ƙasar Noman Rani

Kowane irin ruwan ban-ruwa yana ɗauke da gishiri kaɗan. Idan rana ta busar da ruwan, sai gishirin ya zauna a ƙasa. Alamarsa ita ce farin ɓawo a bisa kunya, da ƙonewar bakin ganye, da tsumburewar shuka ko da an shayar da ita. Albasa da karas da latas ne suka fi saurin galabaita. Alkama da auduga sun fi jurewa.

A Jos, inda masu lambu daga wajen unguwar Abatuwa zuwa Bukuru suke dogara ga rafuka da kududdufan haƙar kuza, ana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, saboda haka damina takan wanke yawancin abin da rani ya tara. A Kadawa kuwa, wadda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974, damina gajera ce, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso da gishiri.

Hanyoyin wankewa sun bambanta. Ta farko, a cika fangali da ruwa ya kwanta ba yankewa. Ruwa mai zurfin santimita 30 yakan fitar da wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na gishirin da ke santimita 30 na saman ƙasa. Ta biyu, a zuba kaɗan, a bari ya tsane, a sake zubawa. Wannan ta fi jinkiri, amma a ƙasa mai laka takan ci kimanin sulusin ruwan ta farko, domin ruwan yana ratsa ƙananan ƙofofin ƙasa a hankali. Ban-ruwan yayyafi ma haka yake aiki.

Ban-ruwa ta kwarin kunya yana tura gishiri zuwa ƙoƙuwar kunya, don haka a shuka iri a gefenta. Na ɗigo kuma yana tara shi a bakin inda danshi ya tsaya.

Duk waɗannan ba za su yi amfani ba sai da lambatun da zai kwashe ruwan da ya tsane. In babu shi, gishirin zai komo. Ƙasa mai kanwa, wadda ba ta shan ruwa, sai an fara zuba mata ma'adinin jibsam. Ya kamata manomi ya nemi malamin gona a gwada ƙasarsa kafin ya ɓarnatar da ruwa.