Zaren awon dantse: ma'aunin da uwa ke iya karantawa

A likita akwai kayan awo iri-iri: na zafin jiki, na hawan jini, na bugun zuciya. Yawancinsu sai wanda ya yi karatu ke gane abin da suka nuna. Amma akwai wani da uwa ma ke iya karantawa: zaren awon dantse, mai gano tamowa.

A shekarar 1974 wasu likitoci biyu, Shakir da Morley, suka bayyana dabararsa. Sun lura cewa kaurin dantsen yaro mai lafiya ba ya canzawa sosai daga shekara 1 zuwa 5. Idan dantse ya sirance, yunwa ce ko ciwo ke cin naman jiki. Sai aka yi wa zaren launi uku, don kada rashin sanin lamba ya hana kowa aiki da shi. Ba ya son batir, kuma ya fi sikeli sauƙin ɗauka.

Ana auna yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. A nemi tsakiyar dantsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. A saki hannun ya sauka, a zagaya zaren. Kada a matse, kada a bar shi sako-sako. Nan ne ake yawan kuskure, domin ɗan matsi kaɗan na iya canza launi.

Kore, lafiya lau. Rawaya, daga milimita 115 zuwa 125, tamowa ta fara. Ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani: a kai yaro likita ran nan, ko da yana wasa.

A 2013 ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa dubban mata awon nan a Mirya, jihar Damagaram. Awon matan bai gaza na ma'aikatan lafiya na ƙauye ba. Abin da matan Mirya suka iya, matan Allakaye da Buza da Madawa da Keita ma za su iya, balle da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa.

Sai dai zaren ba ya ganin kumburi. A danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa, a ƙirga uku. Idan rami ya zauna bayan an ɗaga yatsa, a tafi likita, ko da zaren ya nuna kore.